Yadda ake kula da ruwa da filta a tankin kifin ado a Jos

Mutum zai sayi tankin gilashi, ya zuba tsakuwa masu launi, ya jona filta, wato na'urar tace ruwa, ya saki kifaye goma a rana ɗaya, falo ya yi kyau. Bayan mako biyu sai a fara tsintar gawa da safe, ɗaya yau, biyu gobe. A ce mai shago ya sayar da marasa lafiya, ko a ɗora wa sanyin Jos, wani ma ya ce baki ne ya kama su. A mafi yawan lokuta ruwan ne ya kashe su, alhali yana nan garau, domin gubar da ta fi kashe kifi a tanki ba ta da launi. Masu kawar da ita kuwa wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune cikin soson filta, wannan dai soso mai launin ƙasa da mutanen gida ke ƙyama suna so a wanke shi da omo. Aikin mai tanki shi ne ya raya waɗannan ƙwayoyi, ya kuma hana ruwa sauyawa farat ɗaya.

Abin da ke faruwa cikin ruwan

Kifi yana ci, yana kashi, yana kuma fitar da amoniya ta wurin numfashinsa, wato jan naman nan da ke ƙarƙashin murfin kumatunsa. Ragowar abinci da ganyen da ya ruɓe su ma amoniya suke komawa. Masu kiwon tarwaɗa sun san ta da wari, amma kafin hancinka ya ji ta a ƙaramin tanki, kifi ya riga ya jigata, don tana ƙona wurin numfashin nan. Akwai bakteriya irin su Nitrosomonas da ita ce abincinsu, suna mayar da ita naitirait, wanda ake rubutawa NO2 a jikin kwalbar gwaji. Shi ma guba ne. Yana shiga jini ya hana shi ɗaukar oksijin, sai ka ga kifi yana haki a saman ruwa alhali injin iska, mai hura kumfa cikin ruwa, na ta aiki. Daga nan wata bakteriyar, Nitrospira, ta mayar da shi naitiret, NO3, wanda kifi ke jurewa in bai yi yawa ba. Naitiret taruwa yake yi. In ban da ɗan abin da tsire-tsire ke sha, ba mai fitar da shi sai kai da bokitinka.

Ƙwayoyin nan manne suke a jikin soso da tsakuwa da duk inda ruwa mai iska ke wucewa, ba yawo suke cikin ruwan ba. A hankali suke hayayyafa. Kilorin na kashe su, bushewa na kashe su, rashin iska ma haka. Abin da kake nema a lafiyayyen tanki shi ne amoniya 0, naitirait 0, naitiret ƙasa da miligiram 40 a kowace lita, in ya tsaya wajen 20 ya fi.

Fara da ruwan da kake ɗiba

Kafin ka zuba komai, ka san girman tankin. Auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000. Tanki mai 60 da 30 da 36 ya kama lita 65 ke nan, kuma ruwan da zai ci bai kai haka ba saboda tsakuwa da duwatsu. Duk wani magani da za ka zuba nan gaba da wannan lissafi za ka auna shi.

Ruwan famfo, wanda ake tacewa daga dam irin na Lamingo da na Yakubu Gowon da ke Shen, ana sa masa kilorin don lafiyar mutane, kuma daidai ne a sa. Amma ga kifi da bakteriyar filta, kilorin ajali ne. Ana sayar da maganin cire shi a shagunan kifin ado. Seachem Prime, misali, mililita 5 ke isar lita 200, don haka kwalba ɗaya takan daɗe, sirinji kawai za ka nema don awo. In babu maganin, tara ruwan a buɗaɗɗen duro na kwana ɗaya zuwa biyu, ka jefa dutsen kumfa a ciki, wato ɗan dutsen da ake jonawa da tiyon injin iska yana fitar da kumfa, kilorin zai tashi. Wannan dabara ba ta aiki a kan kiloramin, wani nau'in da wasu matatun ruwa ke amfani da shi wanda ba ya tashi da ajiya, shi ya sa na fi natsuwa da maganin kwalba.

Ruwan rijiya da na burtsatse ba su da kilorin, sai dai suna da nasu halin. Ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa yakan zo da iskar kabon mai yawa da ƙarancin oksijin, saboda haka ka bar shi ya kwana da dutsen kumfa kafin ka auna tsaminsa, domin awon da za ka samu a bakin famfo ba shi za ka samu washegari ba. In ya kwana ka ga ya yi ja-ja, ƙarfe ne a ciki, bar shi ya kwanta ka tsiyaye na sama. A unguwanni masu cunkoso inda rijiya ke kusa da masai, ka auna amoniya da naitiret na ruwan rijiyar kansa. Akwai wanda zai yi ta canjin ruwa naitiret bai sauka ba, ashe da shi yake ɗebowa.

In 'yan garuwa ke kawo maka, ka ba su jarkokinka na kanka, don ba ka san me jarkarsu ta taɓa ɗauka ba. Kada ka yi amfani da ruwan da aka sa wa alif don ya kwanta. Ruwan tsofaffin ramukan kuza da ke kewayen Bukuru da Rayfield ma ka bar shi inda yake, ko da kuwa ka ga kifi a ciki. Ruwan sama kusan babu ma'adinai a cikinsa, ba ya riƙe tanki shi kaɗai, ga ƙurar kwano a farkon damina.

Sai kayan awo. Wanda ya sayi fitila mai launuka ya bar kayan gwaji ya fara daga baya. Akwai na tsinken takarda da ake tsomawa, mai sauƙin kuɗi, sai dai yawancinsu ba sa auna amoniya, kuma danshin damina na lalata su in ba a rufe kwalbar da kyau ba. Na ɗigo ya fi. Akwatin API Freshwater Master Test Kit yana auna pH, wato tsamin ruwa, da amoniya da naitirait da naitiret. Ka haɗa da kwalbar auna KH daban, wato ma'adinan da ke hana ruwa yin tsami, don a Jos ita ce za ta fi yi maka amfani. Cika kwalbar gwajin zuwa layin mililita 5, ka riƙe kwalbar maganin a tsaye kanta ƙasa don ɗigon ya fito daidai, ka rufe da murfi, kada ka toshe da yatsa. Gwajin naitiret yana son haƙuri: kwalba ta biyu sai an girgiza ta da ƙarfi na daƙiƙa 30, a ɗiga, a sake girgiza ruwan gwajin minti ɗaya, a jira minti biyar. Wanda ya yi sakaci a nan zai ga sifili ya yi murna a banza. Ka duba launin a bakin taga da hasken rana, ka rubuta sakamakon a ɗan littafi tare da kwanan wata.

Wace filta?

Aiki uku filta ke yi. Tana tare dauɗar da ido ke gani, tana ba bakteriya wurin zama, wani lokaci kuma ana sa mata gawayi na musamman mai tsotse launi da wari da ragowar magani. Na biyun shi ne ginshiƙi. Gawayin nan cikin mako uku zuwa huɗu ya cika, kuma tanki na rayuwa lafiya ba shi. Gawayin girki ba ya maye gurbinsa.

Ga mai tanki ƙasa da lita 100 a garin nan, shawarata ita ce filtar soso mai aiki da injin iska. Ba ta da kyan gani, amma injinta wat 3 zuwa 5 kawai yake ci, soson yana cikin ruwan tanki ko an ɗauke wuta, kuma babu abin lalacewa a jikinta. Filtar da ke nutse a ciki mai farfela, da ta akwatin da ake ɗorawa a saman tanki, da wadda ake ratayawa a baya, duk suna aiki. Ka nemi wadda za ta juya ruwan tankin sau huɗu zuwa shida a awa, wato ga lita 65 wadda aka rubuta 250 zuwa 400 a jikinta. Babbar filtar tulu da ake ajiyewa a ƙarƙashin teburi ta fi su ƙarfi, amma a rufe take, sai mai inbata ko sola.

Kada ka yanko soson katifa ko na wanke-wanke ka cusa, wasunsu da sinadarai a jiki. In za ka ɗaure wani abu a ƙyalle ka sa cikin filta, ka yi nesa da yankin gidan sauro mai magani. Maganin da ke jikinsa ɗan kaɗan ya isa ya gama da tanki.

Raya filta kafin kifi ya shigo

Nan ne haƙuri ke ƙarewa mutane. Wanke tsakuwa da ruwa zalla har ya daina fita da ƙura. Duwatsun giranit na Jos ba sa sauya ruwa, amma in kana shakkar wani dutse, ɗiga masa ruwan khal, in ya yi kumfa zai ɗaga pH. Cika tanki, cire kilorin, kunna filta dare da rana, in akwai hita ka saita ta a digiri 26 zuwa 28. Kullum ka barbaɗa ɗan abincin kifi, gwargwadon abin da yatsu biyu za su tsinto, ka bar shi ya ruɓe. Duk bayan kwana biyu ko uku ka auna. Amoniya za ta fara hawa. Bayan mako ɗaya ko biyu naitirait ya bayyana, ita kuma ta fara sauka. Naitirait yakan daɗe a sama har mutum ya fara zaton abin ya tsaya. Ranar da ka ga su biyun sun koma sifili kuma naitiret ya fito, filta ta kama. Yawanci mako huɗu zuwa shida ne, a hunturu ba hita yakan wuce haka, don sanyi na rage wa bakteriya kuzari. In ruwa ya yi fari-fari a makon farko, ƙyale shi, zai washe da kansa.

Akwai gajeriyar hanya. Kamar yadda ake ɗiga tsohon nono a sabuwar madara don ta kama, haka ake ɗauko bakteriya daga tankin da ya daɗe. Je wurin wanda ka san kifayensa lafiya ƙalau, ka ce, "Malam, don Allah ran da za ka matse sosonka ka ajiye min ruwan dauɗar, in da hali ka yanko min gefen soson." Ka kawo shi a jiƙe cikin leda da ruwan tankinsa, kada ya wuce awa ɗaya ko biyu a hanya, ka tura yankin cikin filtarka, ka juye ruwan a kanta. Tanki zai yi duhu na wasu awanni sannan ya washe. Wannan kan rage jira sosai, sai dai awo ne zai gaya maka an gama, ba lissafin kwanaki ba.

Idan ta kama, canza rabin ruwan, ka kawo kifi uku ko huɗu, ka jira mako ɗaya ko biyu kafin ƙari. In kuma ka riga ka zuba kifi a sabon tanki, ba a fasa ba. Rage abinci zuwa sau ɗaya a rana ko bayan kwana biyu, auna kullum, da zarar amoniya ko naitirait ya kai miligiram 0.5 a lita ka canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan. Gishiri na rage cutarwar naitirait, cokalin shayi ɗaya a lita 20 ya isa, a narkar da shi a kofi tukuna. Gishiri ba ya tashi da tururi, don haka kada ka yi ta ƙarawa.

Canjin ruwa na mako-mako

Zaɓi rana ɗaya ka riƙe ta. Tun jiya ka tara sabon ruwa a ɗakin da tankin yake. Bokiti da tiyo su zama na kifi kaɗai, ka rubuta a jikinsu, don bokitin da ya ga omo ko bilic ya tashi daga aiki. Wanke hannu har gwiwar hannu da ruwa zalla. A hunturu kowa na shafa mai, kuma man shafawa da turare duk a ruwan za su ƙare.

Cire hita daga soket minti 15 kafin ruwa ya sauka, domin hitar da ta fito fili da zafinta takan fashe. Kashe filta mai farfela. Tsoma tiyo, ka ja ruwa zuwa bokitin da ke ƙasa, kana soka bakinsa cikin tsakuwa wuri-wuri. Za ka ga baƙar dauɗa na tashi tana bin tiyon, tsakuwar na komawa. Yi rabin ƙasan tanki wannan mako, sauran rabin mako mai zuwa. Kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na ruwan za ka cire. Kifi na nan cikin tankinsu, ba a kamo su a sa a roba.

Taɓa sabon ruwa da ma'aunin zafi. In ya fi na tanki sanyi da fiye da digiri ɗaya ko biyu, surka shi da ɗan ruwan zafi a cikin bokiti. Sa maganin kilorin, ka juya, ka zuba a hankali a kan faranti ko tafin hannunka don kada ya tono ƙasa. Mayar da wuta, ka tsaya ka ga filta ta tashi.

Iskar hunturu na shan ruwan tanki da sauri. Cikon da kake yi ba canjin ruwa ba ne, domin ruwa ne kawai ya tashi, naitiret na nan. Murfi na rage wannan, yana kuma tare ƙura.

Tsire-tsire na taimakawa. Kainuwa tana shan naitiret sosai, haka filawar nan mai yaɗo da ake sawa a kwalba a falo, in ka bar saiwarta cikin ruwa ganyen a waje. Kainuwar da aka ɗebo daga kududdufi sai ta yi mako biyu a wata roba daban ana canza mata ruwa, don takan zo da ƙwari da ƙwan dodon koɗi. Kada ka bari ta rufe fuskar ruwa gaba ɗaya.

Tsami, matsalar da ta fi damun tankunan Jos

Ma'aunin pH yana nuna tsamin ruwa. Bakwai ne tsakiya, ƙasa da haka tsami. Tsakanin 7 da 6 ba ƙaramin rata ba ne, ninki goma ne. Yawancin kifayen ado suna zaune lafiya tsakanin 6.5 da 7.5. Gupi da moli sun fi son 7 zuwa 8 da ruwa mai ma'adinai, tetira sun fi son mai laushi, wato mai ƙarancin ma'adinai, kifayen tafkin Malawi kuma sai wajen 8. Amma kifi ya fi jure lambar da ta ɗan kauce ta tsaya wuri ɗaya a kan wadda ke hawa da sauka.

Abin da ke riƙe pH shi ne KH, wato yawan kabonet da ke narke cikin ruwa. Jos a kan giranit take, dutsen da ba ya sakin ma'adinai da sauƙi, shi ya sa rijiyoyi da yawa a nan ruwansu mai laushi ne. Alamarsa a gida ita ce sabulu na saurin kumfa, butar shayi kuma ba ta yin farin ɓawo a ciki. Ga inda matsalar take: bakteriyar filta na cin KH yayin da take aikinta. A ruwan da tun asali KH ɗinsa digiri 1 ko 2 ne, watanni kaɗan na sakaci sun isa ya ƙare, sai pH ya faɗi ƙasa da 6. A nan bakteriya ke kusan daina aiki, amoniya ta fara taruwa. Kifi ba sa mutuwa nan take, saboda a ruwa mai tsami amoniya na zama a siffar da ba ta da dafi sosai. A zafin ruwa digiri 25, ɓangarenta mai dafi bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba a pH 7, amma a pH 8 ya haura kashi biyar. To, sai mai tanki ya farga ya daɗe bai canza ruwa ba, ya kwashe kusan duka ya zuba sabo, pH ya yi tsalle, amoniyar da ta rage ta koma mai dafi, ga kuma firgitar sauyin. Da safe a ce sabon ruwa ya kashe kifi. Tankin da aka yi watanni ba a taɓa ba, da kashi 10 cikin ɗari ake fara masa, kullum, har tsawon mako ɗaya ko biyu, ana auna amoniya.

Ka auna KH na ruwan da kake ɗiba. In ya kai digiri 4, canjin mako-mako ya wadatar. In bai kai 3 ba, ka tallafa masa. Hanya mafi aminci ita ce dakakken ɓawon kawa, irin wanda masu haɗa abincin kaji ke zuba wa kajin ƙwai, kuma a garin kaji irin Jos ba wuyar samu. Wanke shi sosai, ka tafasa, ka ɗaure cikin tafin hannu ɗaya a tsohuwar safa mai tsabta ga kowace lita 50, ka sa inda ruwan filta ke wucewa. Yana narkewa ne gwargwadon tsamin ruwan, don haka da wuya ya wuce gona da iri. Ka auna bayan mako guda, ka ƙara ko ka rage.

Bekin soda ya fi sauri: giram 3 a lita 100 na ɗaga KH da digiri ɗaya. Ga tankin lita 65, bai kai rabin cokalin shayi ba. A narkar a zuba a hankali, kada a wuce digiri ɗaya a rana, kuma kada a sa shi in gwaji ya nuna akwai amoniya. Ka duba gwangwanin da kyau, bekin foda wani abu ne daban. Kanwa kuwa kada ta kusanci tanki, ƙarfinta ba shi da ma'auni, kuma tana harba pH sama lokaci guda.

Wankin filta

Duk bayan mako biyu zuwa huɗu, ko ka ga ruwan da take fitarwa ya ragu. Ka yi shi ranar canjin ruwa, cikin bokitin tsohon ruwan da ka ciro. Tsoma soson ka matse, ka saki ya sha ruwa, ka sake matsewa, sau huɗu ko biyar. Ruwan bokiti zai koma launin ƙasa mai kauri, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wanda alama ce ta lafiya. Soson ba zai koma sabo ba, kuma ba a so ya koma. Da ka ji ya saki, ruwa na ratsa shi, mayar da shi nan take. Ba a kai shi bakin famfo, ba a sa masa ruwan zafi, ba a shanya shi. Ruwan bokitin kuma ka ba shukokin tsakar gida.

Farar audugar da ke tare ƙananan dauɗa ana iya jefar da ita a sa sabuwa. Zobban yumɓu da ke cikin wasu filtoci girgiza su kawai ake yi cikin bokitin. In soso ya tsufa ya fara marmashewa, raba shi biyu, ka sa rabin sabo kusa da rabin tsoho, bayan wata guda ka canza ɗayan. Haka in sabuwar filta ka saya, su yi aiki tare da tsohuwar wata guda. Mai filtar farfela ya riƙa zare farfelar wata-wata yana goge ta da ramin da take zama da tsohon buroshin haƙori, don yawancin filtar da aka ce ta mutu, yauƙi ne ya riƙe ta.

In an ɗauke wuta

Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200, kuma a wannan tsayi ruwa na riƙe oksijin ƙasa da na bakin teku da kusan kashi 13 cikin ɗari. Tankin da ya cika da kifi ba ya daɗewa in iska ta tsaya. Nemi ƙaramin injin iska mai aiki da USB ka jona shi da fawa bank, ko mai batir a ciki da ke tashi da kansa. In filtarka ta soso ce, ka mayar da tiyonta kan wannan injin, shi ke nan filta da iska duk suna tafiya. In babu, ɗebi ruwan tankin da kofi ka kwararo shi daga sama sau da yawa, kana maimaitawa lokaci-lokaci. Kada ka ba da abinci har wuta ta dawo.

Ka sa ɗan bawul mai hana ruwa komawa a siririn tiyon iska, ko ka ɗora injin sama da fuskar ruwa, in ba haka ba ruwa kan biyo tiyo ya sauko cikin injin da ƙasan ɗaki. Wayoyin wuta su yi lanƙwasa ƙasa kafin su hau soket, don ɗigon da ya biyo su ya faɗi a ƙasa.

Filtar da ke rufe ita ce abin tsoro. In ta yi awanni ba ta juya ba, iskar cikinta ta ƙare, abin da ke ciki ya fara ruɓewa, wuta na dawowa ta watso shi cikin tanki. In rashin wutar ya wuce awa uku ko huɗu, cire ta daga soket, ka fito da soson ka jefa cikin tanki kusa da kumfa. Kafin ka mayar, zubar da ruwan da ya kwana a ciki ka sunsuna. In ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, ɗauraye komai da ruwan tanki, ka kuma riƙa auna amoniya na wasu kwanaki.

Sanyi kuma, a Disamba da Janairu daren Jos kan sauka ƙasa da digiri 12, ruwan tanki a falo ya faɗi ƙasa da 20. Gupi da moli da tetira na son 24 zuwa 27, kuma bayan irin wannan faɗuwa ne ciwon fararen ɗigo kan bayyana a jikinsu. Hita wajen wat ɗaya ga kowace lita ake lissafawa. In wuta ta tafi da dare, lulluɓe tankin da bargo ka bar kafar iska, ka sa gorar ruwan ɗumi a rufe ta yi iyo a ciki. Wanda ba shi da tsayayyar wuta, golfish ya fi dacewa da shi, don 18 zuwa 23 yake so kuma yana jure ƙasa da haka, sai dai mai yawan kashi ne, yana bukatar babban tanki da filta mai ƙarfi.

Iskar ɗaki, magani da abinci

Injin iska, iskar ɗakin yake turawa cikin ruwa. Maganin sauro na fesawa da na kunnawa da ota-fiya-fiya duk suna kashe kifi da ɗan kaɗan. Gara a bar ɗakin tanki ba feshi. In ya zama dole, kashe injin, rufe tanki ruf da leda da jiƙaƙƙen tawul, bayan ɗan lokaci a buɗe tagogi iska ta wanke ɗakin kafin a kunna. Turaren wuta ma a yi nesa da shi.

In ka ga kifi na haki a sama, ko ya matse fukafukansa, ko ya ƙi abinci, ka fara da awo, ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwa, ka ƙara iska. Kada ka fasa kafso ka juye a tanki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da shuɗin maganin nan na kifi ba sa bambanta bakteriyar cuta da ta filta. Marar lafiya a ware shi a wata roba mai dutsen kumfa, a yi masa magani can. Koren ruwa da gansakuka kuma haske ne ya yi yawa: janye tanki daga taga, fitila kada ta wuce awa 6 zuwa 8.

Mutum ɗaya ne zai riƙa ba da abinci a gidan, abin da za su cinye cikin minti biyu. Yaro zai zo ya ce, "Baba, sun taso sama, yunwa suke ji," kuma haka za su taso ko yanzu suka ci. Ka ba shi aikin a hannunsa, da awo, a gabanka. In tafiyar Sallah ta kama ta kwana huɗu ko biyar, manyan kifaye masu lafiya za su kai ba abinci. Canza ruwa kwana biyu kafin tafiya, kada ka taɓa filta a ranar, ka bar injin iska mai batir a jone. In akwai wanda zai riƙa leƙowa, ƙulla masa abincin kowace rana a 'yar takarda daban-daban, ka ɗauke gwangwanin daga wurin.